Yumɓun Jiratawa a Kan Fistan

Kalibu ɗan Tsibiri taubashina ne. Ubansa da uwata ciki ɗaya suka fito, don haka tun muna yawo ba wando nake kiransa bawana, shi ma yana kirana nasa, kuma har ƙasa ta rufe masa ido ba mu raba wannan gardama ba. Ubansa na cikin waɗanda suka bi addinin ƴan mishan tun farkon zuwansu Tsibiri, gidanmu kuwa muka zauna a Musulunci, amma hakan bai taɓa hana mu cin tuwo a akushi ɗaya ba. Ni ne Sha'ibu, tsohon direban kamiyo, wato babbar motar ɗaukar kaya. Ina so in rubuta labarin Kalibu makanike kafin masu tuna shi su ƙare, kuma ba yadda zan yi in ba da labarinsa ban faɗi yadda na kusa raba shi da sunansa da sana'arsa ba.

Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, ga tsagen Gobirawa har kunne. Magana ba ta dame shi ba. In ka kawo masa mota kana ta zuba bayanin abin da ke damunta, sai ya ɗaga maka hannu ya ce ka yi shiru, ita ma tana da baki. Ya kara doguwar sanda a jikin inji, ɗaya kan a kunnensa, ya lumshe ido. Mu direbobi muna yi masa dariya muna cewa boka ya hau bori, amma duk wanda motarsa ta yi tari wurinsa yake garzayawa.

A gidan mishan ya koyi aiki, wurin wani Bature mai kula da injin ruwa da na wuta. Shekarar da aka sami mulkin kai ya buɗe nasa garaji a Maraɗi, in dai za a kira gindin tsamiya garaji. Reshenta ɗaya mai kauri shi ne abin ɗaga inji, an rataya masa sarƙa har ta ci jikinsa. Kullum da sassafe yake taka keke daga Tsibiri, gorar fura a ɗaure a baya, da yamma ya koma. Ranar Lahadi ko motar wa ta mutu ba ya taɓa kile, wato sifana, har direbobi kan roƙi motocinsu su daure su kai Litinin.

Wanda bai ga Maraɗi ta wancan zamani da kaka ba, ban san yadda zan kwatanta masa ba. Gyaɗa ce ke mulki. Buhuna jibge sun fi soro tsawo, raƙuma da jakuna na shigowa da ita ta kowace kusurwa, mu kuma muna kwasa muna yin kudu da ita. Tasha ba ta rabuwa da warin gazuwal, man da manyan motoci ke sha, da ƙamshin ƙuli-ƙuli mai zafi. Tutar ƙasa sabuwa ce, mu ma sababbi ne, kowa na ganin gobe tasa ce. Direban kamiyo a lokacin sarki ne: in na sauko daga mota na gyara hula, har mai shayi sai ya miƙe. Ina kewar waɗannan shekaru, ba na ɓoyewa, ko da yake a cikinsu na yi babbar wautar rayuwata.

Abin da ya bambanta Kalibu da sauran makanikai shi ne abin da yake kira kunya. A cikin injin gazuwal, fistan na hawa yana sauka cikin raminsa kamar taɓarya a turmi. A samansa akwai murfin ƙarfe mai nauyi, shi ne kulas, kuma a jikin kulas ɗin sufaf suke, ƴan murafan ƙofofin iska, biyu ga kowane rami. Ɗaya ta buɗe iska ta shiga, ɗaya ta buɗe hayaƙi ya fita. In sufaf za ta buɗe, leƙowa take yi ƙasa, ta inda fistan ke tahowa. To akwai wani ɗan lokaci, ƙiftawar ido ma ta fi shi tsawo, da fistan ya iso ƙoli, ta hayaƙi ba ta gama komawa ba, ta iska kuma ta fara leƙowa. A nan suke kusan gogar juna, kuma ƴar tazarar da ta rage tsakaninsu ita ce kunyar Kalibu.

"Surukai ne," haka yakan ce. "Gida guda, hanya guda, amma ba su gamuwa bakin ƙohwa. Ran da kunya ta ƙare tsakaninsu, gidan ya mutu."

Dole a bar musu wuri, domin ƙarfe in ya sha zafi ƙara tsawo yake yi, kuma in inji na gudu sosai sufaf takan makara wajen komawa. Matsalar ita ce ba a ganin tazarar nan da ido, tunda sai an rufe kulas take samuwa. Baturen da ya koya masa yana da wani abu mai laushi cikin gwangwani da yake aunawa da shi. Da Bature ya koma ƙasarsu ya tafi da gwangwaninsa, sai Kalibu ya koma ga yumɓu. Matarsa Na'omi ƴar masu ginin tukwane ce a Jiratawa, uwarta ce ke tace masa yumɓu zalla, ta ajiye a wata ƴar tukunya a ƙuryar ɗakinta.

Na sha zama ina kallonsa. Zai mulmula yumɓun ya shimfiɗa shi a kan fistan kamar waina, ya shafa wa fuskar sufaf man gyaɗa don kada ta manne. Ya ɗora juwan, wato shimfiɗar da ke shiga tsakanin kulas da jikin inji, ya ɗora kulas, ya ɗaure tamau kamar an gama aiki. Sannan ya sa dogon ƙarfe ya juya injin da hannu, zagaye biyu, a hankali. Ya sake kwance komai. Sai ka ga sawun sufaf a jikin yumɓun, ta danna shi iya inda ta kai. Ya sa aska ya yanka ta tsakiyar sawun, ya ɗauko ƙwayar gero ɗaya daga aljihu ya kwantar a gefen yankan. In kaurin yumɓun ya kai ƙwayar, ya rufe inji. In bai kai ba, ko Alhajin wa ke tsaye a kansa, sai an ƙara zurfin mazaunin sufaf ko an nemo juwan mai kauri. Wani ɗan lakwal, wato ɗan boko, ya taɓa ce masa a ƙasar Turawa da ma'auni ake wannan aiki. Kalibu ya ce ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima.

Idon nan shi ne jarinsa. Shekara shida ba inji ɗaya da ya rufe ya dawo masa a fashe.

Ni kuwa ina jan wata tsohuwar kamiyo ta Alhaji Abdulmutallib, ɗan kasuwar gyaɗa. Mota ce mai haƙuri, ba ta taɓa kwana da ni a daji ba, sai dai tafiyarta ta tsohuwar jaka ce. A kakar 1966 wani direba, Idirisa, ya sami sabuwa fil. Kullum sai ya bari na riga shi fita da awa guda, ya cim mini kafin Ɗan Isa, ya wuce yana miƙo mini igiya ta taga, wai ko in ɗaura ya ja ni. Ni mutum ne mai zuciya, kowa ya sani. Abinci ya daina yi mini daɗi.

Na tasa Alhaji gaba da daɗin baki har ya yarda a ƙara wa motar ƙarfi, sannan na je gindin tsamiya.

"Bawana, so nike ka maida min tsohuwag ga budurwa."

Kalibu ya dube ni ya dubi motar. "Mi kaka nema da ƙarhin da ba a halicce ta da shi ba? Ta taɓa yashe ka bisa hanya?"

"Ba ta taɓa ba. Amma Idirisa na miƙo min igiya gaban mutane."

"To karɓi igiyar mana, ka ɗaure bakinka da ita."

Ya gama tsiyarsa, amma ya karɓi aikin, domin a ƙasan ransa yana son irinsa. Ya sa aka kai kulas Kano aka kankare fuskarsa don matsi ya ƙaru, ya nemo juwan marar kauri, ya buɗe wa famfon gazuwal baki kaɗan. Ya gaya mini tun farko cewa duk abin da aka kankare daga kulas, daga cikin kunya aka ɗebe shi, saboda sufaf sun matso kusa da fistan. Don haka awon yumɓu a wannan aiki ba abin wasa ba ne.

Ranar da za a auna sai aka tarar yumɓunsa ya bushe ya ƙare. Na'omi ce ke zuwa ɗebowa, ga shi tana jego, kwananta tara da haihuwa. Kalibu ya ce in aiki matata Tsahara, tunda ita ma a gidan ta tashi. Tsohuwar da ta haifi Na'omi ita ta riƙe Tsahara tun tana ƙarama, ita ta aurar mini da ita. Ke nan surukarmu ɗaya ni da Kalibu, kuma ko yanzu da take kabari ba zan kama sunanta ba. Amma Tsahara ta tafi biki Madarunfa sai jibi, ni kuma jibi a wurina shekara ce. Na ce ni zan je.

"In ka tahi, ka ce na Kalibu," in ji shi. "Ta san shi. Shina cikin ɗaka, ba na waje ba."

Na karɓi kekensa na miƙa Jiratawa. Ina tafe ina cewa ai ba zan rasa wanda zan aika ciki ba. Da na isa, gari wayam, duk an tafi fadamar gulbi. Tsohuwa kaɗai ce a tsakar gida, ta yi ɗaurin ƙirji, kai ba ɗankwali, tana durƙushe tana cuɗa yumɓu. Tana hango ni ta juya baya ta jawo zane ta rufa. Na tsuguna a bakin danga na gaishe ta ina kallon ƙasa, ta amsa tana kallon bango. Muka yi lafiya lau, lafiya lau, har gaisuwa ta ƙare.

Kalma biyu kawai zan faɗa: na Kalibu. Ni da nake yi wa jandarma tsawa a kan hanya, sai harshena ya bushe. Ta yaya zan ce wa surukata ta tashi a haka ta shiga ɗaka ta ɗauko mini abu ta miƙo? Na yi sallama na miƙe. A bayan danga na ga tulin yumɓu an rufe da jiƙaƙƙen buhu. Na ce a raina yumɓu ai yumɓu ne, duk daga gulbi ɗaya aka haƙo. Na yagi dunƙule na ƙunshe a tsumma na hau keke.

Kalibu na ƙarƙashin tsamiya, hannu baƙi ƙirin da mai. Ya karɓa ya ce, "Daga hannun tsohuwa ka amso?"

"Daga hannunta."

Ban san abin da ya sa na faɗi haka ba. Ko kuwa na sani: na ji kunyar ya yi mini dariya, ya ce namiji guda ya kasa buɗe baki gaban tsohuwa. Da na faɗi gaskiya, da dariyar kwana biyu ce a tasha, shi ke nan.

Ya mulmula shi da hannun nan mai baƙin mai har yumɓun ya rine, ya shimfiɗa, ya ɗaure, ya juya, ya kwance. Ya yanka ya kwantar da ƙwayar gero. Suka yi daidai wa daida. Ya daɗe yana dubawa, yana matsar da abin nesa da fuskarsa, domin a shekarar idonsa ya fara son nesa, har direbobi na tsokanarsa.

"Abin mamaki," ya ce. "Na aza za ta matse bayan kankarag ga. Bari in sake gobe da sahe, rana na sama."

Na yi tsalle na dire. Na ce lodi na jira, Alhaji na jira, gero ya ce ya isa, shi wane ne da zai ƙaryata gero? Ya sake tambayata, "Na cikin ɗaka ne dai?" Na ce na riga na gaya masa. Ya ce to, ya rufe inji.

Wayyo, motar nan ta tashi. Muryarta ma ta sauya. Tafiyar farko na cim ma Idirisa a hawan da ke gaban Danja, na wuce shi da lodi cike, na miƙa masa rawanina ta taga. Tafiya ta biyu ko ƙurata bai gani ba. Sati biyu ina yawo a tasha kamar ni na ƙera ta, sunan Kalibu kuma ya kai har Katsina. A tafiya ta uku, da azahar, rana na dukan ƙarfe, na sako gangara kusa da Ɗan Isa na taka ta har ƙasa. Sai na ji ƙara kamar an sa taɓarya an daki dutse, sau ɗaya, sau biyu, sannan kamar ana zazzage buhun tsakuwa. Ta yi shiru. Idirisa ne ya jawo ni Maraɗi, da igiyar gaske wannan karon.

A gaban mutane Kalibu ya buɗe injin, don duk tasha ta taru. Kan kowane fistan ga sawun sufaf ya nutse kamar kofaton jaki a laka. Biyu sun karye sun faɗa ciki sun niƙe ramin, kulas ya tsage. Alhaji Abdulmutallib na tsaye da carbi, bai ɗaga murya ba, ya ce, "Kalibu, mi ya hwaru?"

Kalibu ya shafa sawun da babban yatsa, ya daɗe. Bai dube ni ba, ko tunanina bai yi ba. Ya ce, "Idona ne, Alhaji. Na auna na ga ta isa, ashe ba ta isa ba. Wanda ya daina gani bai kamata shi riƙa rihe injin mutane ba."

A ranar ya kwance sarƙarsa daga reshen tsamiya, ya tattara kile-kilensa a buhu ya ɗaure a bayan keke. Mutane suka ba shi baki, ya ce a'a, yau inji ne, gobe rai ne. Ya koma Tsibiri ya kama noman gero. Aka tura matacciyar motar bayan gidan Alhaji, ni kuma aka ba ni wata. Ko kwana ɗaya ban yi ba aiki ba.

Da farko ban tabbata laifin yumɓun ba ne, ko in ce ban so in tabbata ba. Amma wata bai cika ba, muna hira da Tsahara a kan tukwane, na tambaye ta a fakaice ko yumɓun waje da na ɗaka da bambanci. Ta yi dariya ta ce in ji namiji. Na waje an haɗa shi da ƙaiƙayin gero da kashin jaki, an daka sun yi laushi har ido ba ya gani, don kada tukunya ta fashe a wuta. "Numhwashi gare shi," ta ce. "In ka danna shi ka saki, sai shi ɗan ɗago. Zalla kuwa inda ka aje shi nan shika tsayawa." A nan na gane komai. Sufaf ta danna yumɓun ya yi siriri, kafin a kwance kulas ya ɗago ya cika ƙwayar gero. Idon Kalibu daidai ya gani, abin da na ba shi ne ya yi masa ƙarya.

Na sani, na yi shiru. Wannan shi ne abin da ya fi ƙona mini rai, ya fi yagar yumɓun, ya fi ƙaryar farko. Kullum sai in ce gobe. In na je Tsibiri gaida dangi, ya tare ni da fara'a yana kirana bawansa, Na'omi ta dama mini fura, in sha in tashi. Ya rame. Hannunsa ya wanke tas, baƙin man da na san shi da shi tun samartaka ya fita, kuma ban taɓa ganin abin da ya ba ni tausayi kamar hannun nan mai tsabta ba. Damina ta zo ta wuce, aka yi girbi, wata kakar ta kama. Motocin Maraɗi suka koma neman gyara Katsina da Kano.

Wata Laraba na bi ta kasuwar Tsibiri. A layin ƴan ƙarafa na hango shi zaune, ya shimfiɗa buhu, ya jera kile-kilensa daga babba zuwa ƙarami, kowanne an goge shi yana ƙyalli. Wani maƙeri na jujjuya dogon ƙarfen da yake juya inji da shi, yana cewa zai yi kyau a fitar da hauya biyu. Na je na fizge ƙarfen daga hannun maƙerin, na tsuguna gaban Kalibu, na faɗa masa duka, tun daga bakin danga har hirar Tsahara.

Bai katse ni ba. Da na gama ya tambaye ni abu ɗaya: yaushe na sani? Na ce wata goma sha ɗaya ke nan. Na ga muƙamuƙinsa ya motsa. An ce ba a fushi da taubashi, amma ranar na ga mutum yana haɗiye fushi kamar mai haɗiye ƙaya.

"Gaban wa na ce idona ne?"

"Gaban tasha."

"To can za ka hwaɗi."

Ya naɗe buhunsa ya tafi, bai yi mini sallama ba.

Ranar Litinin, kasuwa na ci, na hau bayan kamiyo a tsakiyar tasha na ce a saurare ni. Alhaji na nan, Idirisa na nan, masu lodi da mai shayi duk suna nan. Na faɗa yadda na faɗa a Tsibiri, ban rage ba. Da na zo wurin surukata wasu suka fashe da dariya, domin kowa a wurin ya san wannan bushewar harshe. Da na zo wurin wata goma sha ɗaya, dariya ta ɗauke. Alhaji ya miƙo hannu kawai, na saka masa makullin mota a ciki. Sannan ya aika Tsibiri a gaya wa Kalibu matacciyar motar na nan inda aka bar ta, ba wanda zai taɓa ta sai shi.

Bayan kwana uku sarƙa ta koma reshen tsamiya. Ranar tasha kamar ana salla, mai shayi ma kyauta ya yi ta zubawa. Ni ba mota, ba wurin zuwa, sai na riƙa zuwa ina zama daga gefe. Bai kore ni ba, bai kuma kira ni ba. Aka samo wani kulas da sababbin fistan, ya yi sati biyu yana haɗawa, hannunsa ya koma baƙi. Ranar awo Na'omi da kanta ta zo daga Jiratawa, goyo a baya, ta miƙa masa yumɓu a ƴar ƙwarya, ta harare ni harara ɗaya wadda na cancanta.

Da hantsi ne, rana tas, ba inuwa a kan aikin. Ya shimfiɗa, ya ɗaure, ya juya zagaye biyu, ya kwance. Ya yanka da aska, ya kwantar da ƙwayar gero. Ya ɗaga abin kusa da fuska, ya matsar nesa iya tsawon hannunsa, ya karkata wajen rana. Ya goge ido da gefen riga ya sake dubawa. Mutane na tsaye suna jira. Na ga yana laluben bakin yankan da farce.

Ya ce a hankali, ba da kowa yake ba, "Bara da na gani."

Hawaye suka zubo mini a gaban maza, ban ko share ba. Shekarar da na bar shi yana noma da baƙin ciki, ashe ita ce shekara ta ƙarshe da idonsa zai iya raba yumɓu da ƙwayar gero, kuma ni na cinye masa ita.

Ya juyo wajen da nake. "Sha'ibu, taso. Diba min."

Na karɓa. Alhaji na tsaye, lodi na jira, kowa na so a ce ta isa. Na duba da kyau.

"Ba ta kai ba. Ƙwayar ta ɗara shi kaɗan."

"To ɗauko kile, mu kwance."

Muka kwance, muka ƙara zurfin mazaunin sufaf, muka sake aunawa har sau uku kafin ta kai. Motar ta yi shekara tara tana aiki bayan nan, a hannun wani direba. Ni ban sake jan kamiyo ba, ko da Alhaji ya huce ya aiko mini da makulli. Na zauna gindin tsamiya, kunne da hannu nasa, ido nawa, har ya rasu a shekarar da soja suka karɓi mulki, ana tsakiyar yunwa. Shekara bakwai na yi ina duba masa yumɓu, ba inji ɗaya da ya fashe mana. Amma waccan shekara guda ban sami yadda zan mayar masa da ita ba.